Tsofaffin kuɗin Asiya a ƙarƙashin ƙasa: wa ke tsinta, wa ke rubutawa?

Wani ɗan kwabo na tagulla mai huji a tsakiya, wanda aka zuba a ƙasar Sin tsakanin 1008 da 1016, ya fito daga wata gona kusa da garin Petersfield a kudancin Ingila. Mai yawo da na'urar gano ƙarfe ne ya tono shi. A kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi irinsa ba ya wata tsada, amma tun ƙarshen 2020 masana tarihi ke ja-in-ja a kan yadda aka yi ya kai can. Muhawarar ta shafi Sahel fiye da yadda ake zato, domin irin wannan na'ura ce dubban matasa ke ratayawa a Djado, da Tibesti, da arewacin Sudan suna neman zinariya, a kan tsofaffin hanyoyin ayari, kuma a lokacin da farashin zinariyar ya haura dalar Amurka 3,000 kan kowace oza tun watan Maris na 2025.

Dattawan da suka kashe anini da kwabo mai huji a zamanin Turawa za su gane siffar kwabon nan da kallo ɗaya, sai dai hujin na Sin mai kusurwa huɗu ne. Ta nan ake zura igiya a jera dubu a tsarkiya guda. Daular Song ta Arewa, wadda ta mulki Sin daga 960 zuwa 1127, ta zuba irin waɗannan kuɗi da yawan da ya wuce hankali: wajen 1080 gidajen zubinta na fitar da sama da biliyan biyar a shekara. Sun cika kasuwannin Japan, da Vietnam, da Java, kuma an ci gaba da kashe su ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar sarakunan da aka zuba su da sunansu.

Kwabon Petersfield shi ne na biyu. A 2018 an tsinci wani na daular Song ɗin, shi ma na ƙarni na 11, a yankin Cheshire da ke arewa maso yammacin Ingila. Da aka tsinci na farko, yawancin masu sharhi sun ce daga aljihun wani mai tara kayan tarihi na zamanin nan ya faɗi, ko wani matuƙin jirgin ruwa ya zo da shi tsaraba. Da na biyu ya fito, wata masaniyar tarihi a Cambridge, Caitlin Green, ta ce a sake lissafi. Hujjarta ita ce an taɓa tono ɓallin tangaran na Sin a Winchester, kimanin kilomita 30 daga wurin, a cikin ƙasa ta ƙarni na 14, kuma a wannan zamani akwai zirga-zirga tsakanin Turai da daular Mongol. Tarihi ya tabbatar da cewa a 1287 wani malamin Kirista haifaffen yankin Beijing, Rabban Bar Sauma, ya gana da Sarkin Ingila Edward na Ɗaya a Bordeaux.

Wannan duka na nuna abu ne mai yiwuwa. Bai tabbatar da shi ba, kuma da wuya a taɓa tabbatarwa, saboda kwabon a ƙasar noma aka same shi, wadda garma ta juya sau ɗaruruwa.

Shekarar zubi daban, shekarar faɗuwa daban

Kuskuren da jaridu suka fi yi, duk lokacin da irin wannan labari ya fito, shi ne ɗaukar shekarar da ke jikin kuɗi a matsayin shekarar da ya iso. A Kalifoniya, da yammacin Kanada, da jihar Victoria ta Ostareliya, masu na'ura suna yawan tono kuɗin Sin masu sunan Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722. Babu wani Basine da ya je haƙar zinariya can a zamanin Kangxi. Leburorin da suka bar kudancin Sin daga shekarun 1850 ne suka tafi da su, kuɗin da tuni suka shekara ɗari da hamsin, suna caca da su a sansani ko suna ratayawa don neman sa'a. Wato 'yan ci-rani ne masu bin labarin zinariya, kamar waɗanda ke barin Maraɗi ko Abeche a yau, kuma abin da ya zubo daga aljihunsu shi ne ya zama kayan tarihi.

A tsibirin Manda na gaɓar Kenya labarin ya bambanta. A 2013 wata tawaga ƙarƙashin Chapurukha Kusimba na gidan tarihin Field da ke Chicago ta sanar da samun kwabon Sarki Yongle, wanda ya mulki Sin a farkon ƙarni na 15. Shi ne sarkin da ya aika jiragen Zheng He har gaɓar Afirka ta Gabas, kuma a fadarsa aka karɓi raƙumin dawa daga Malindi. An sami wannan kwabo ne ta hanyar haƙa a tsanake, cikin kufan tsohon gari, inda ake auna zurfi, a rubuta abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Shi ya sa maganarsa ta fi ta kwabon Petersfield nauyi, ko da yake ko shi ɗin ba ya faɗin wanda ya kawo shi: Basine ne, ko Balarabe, ko ɗan kasuwar Gujarat.

Dirhamin Samarkand a ƙasar ƙanƙara

Mafi yawan kuɗin Asiya da na'urori suka tono a Turai ba na Sin ba ne. Dirhamin azurfa ne na daulolin Musulunci, na Abbasiyawa da na Samaniyawa, waɗanda aka buga a Bagadaza, da Samarkand, da Shash wato Tashkent ta yau, da Balkh. 'Yan kasuwar Viking sun riƙa bin kogin Volga suna kai fatu da bayi, su komo da azurfa. Ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya gamu da su a bakin wannan kogi a 922. Su ba karatun Larabci suke yi ba, nauyi suke aunawa, shi ya sa ake samun dirhamin a yanke gida biyu ko huɗu.

A watan Yuli na 1999, a gonar Spillings da ke tsibirin Gotland na Suwidin, na'ura ta yi ƙara a kan azurfa mai nauyin kilo 67, ciki har da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan dukkansu na ƙasashen Musulmi. Masana ne ke riƙe da na'urar a ranar, kuma abin dariyar shi ne suna ɗaukar shirin talabijin ne a kan masu satar kayan tarihi. Dirhami yana da wata falala da kwabon Sin ba shi da ita: yana ɗauke da sunan garin da aka buga shi da shekarar Hijira. Idan aka sami dubbai a tukunya ɗaya, mafi ƙarancin shekaru a cikinsu shi ke nuna lokacin da aka binne. A Spillings, na ƙarshe na wajen 870 ne. Da an sayar da su ɗaya-ɗaya a kasuwa, da wannan lissafi ya ɓace har abada, ko da kowane dirhami ya tsira lafiya a akwatin wani attajiri.

A Janairun 2007 wani uba da ɗansa suka ci karo da wata tukunyar azurfa kusa da Harrogate a arewacin Ingila. Ba su juye ta ba, ba su wanke ta ba, suka kai ta ga hukuma yadda take. A ciki aka ƙirga tsabar kuɗi 617, har da dirhamin Samarkand, kuma aka gano an binne ta wajen 927. An yi mata kuɗi fam miliyan ɗaya da ɗoriya, aka raba tsakaninsu da mai gonar, kayan kuma suka tafi gidajen tarihi na York da Landan.

Hanyar Ingila da hanyar Faransa

Abin da ya sa labaran nan suka fi fitowa daga Ingila ba wai ƙasarta ta fi ta kowa kuɗin Asiya ba ne. Dokarta ce ke sa masu tsintuwa magana. A ƙarƙashin dokar 1996, wanda ya tono abin da doka ta kira taska, misali tsabar zinariya ko azurfa biyu ko fiye da suka haura shekara 300, dole ya sanar cikin kwana 14. Idan gidan tarihi na so, sai a biya farashin kasuwa, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai fili. Abin da bai kai taska ba, kamar kwabon Sin guda ɗaya, ana rubuta shi ne bisa son rai a wani kundi da aka buɗe a 1997, wanda Gidan Tarihin Birtaniya ke kula da shi, a ɗauki hoto, a rubuta wurin, a mayar wa mutum da abinsa. Kundin yanzu na ɗauke da abubuwa sama da miliyan ɗaya da rabi, kuma a 2022 da 2023 an sanar da taska sama da 1,300 a kowace shekara. A 2023 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da kayan ƙarfe masu muhimmancin tarihi da suka haura shekara 200, ko da ba zinariya ko azurfa ba ne.

Tsarin ba ya rasa ɓarayi. Wasu mutum biyu da suka tono taskar Viking a Herefordshire a 2015 suka ɓoye, an ɗaure su a 2019, kuma mafi yawan tsabar kuɗin, da ake ƙiyasta sun kai 300, sun riga sun shige kasuwa. Masana da dama a Ingila ma na kukan cewa tsarin ya mayar da tarihi caca.

Faransa ta bi wata hanya. Tun dokar 1989, neman kayan tarihi da na'ura sai da izinin hukuma, wanda ba a cika bai wa ɗan gari ba, kuma dokar 2016 ta ƙara ƙarfin ikon gwamnati a kan abin da aka tono. Na'urorin dai ana sayar da su a kanti, mutane na fita da su, sai dai ba sa faɗa. A Disambar 2020 jami'an duwan na Faransa suka sanar da kama kayan tarihi 27,400 a hannun mutum ɗaya. Asirinsa ya tonu ne da ya ce ya tsinci kuɗin Rumawa 14,154 a wani fili da ya saya a Beljiyam, inda doka ta fi sauƙi, masana suka duba ƙasar wurin suka ce ba daga nan suka fito ba.

Wannan bambanci ne ya kamata ya dami masu karatu a Yamai, da Njamena, da Garwa. Dokokin kayan tarihi na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, irin dokar Nijar ta 1997, sun fi kama da na Faransa: haƙa sai da izini, kuma hukuma ce ke da ta cewa a kan abin da ya fito. A takarda wannan kariya ce. A hamada kuwa, inda babu jami'in al'adu ko ɗaya a tafiyar kwanaki, ma'anarta ita ce wanda ya tsinci abu ya yi shiru.

Na'ura ɗaya, wata buƙata

Zazzaɓin zinariyar hamada ya faro ne daga Sudan wajen 2010, ya ratsa arewacin Chadi, ya iso Djado da Tchibarakaten a 2014, sannan Muritaniya a 2016. Na'urar gano ƙarfe ce ta buɗe wannan babi, ta kamfanin Minelab na Ostareliya da jabunta da ake shigowa da su. Gwamnatin Nijar ta rufe Djado a 2017, amma neman bai tsaya ba. Djado kuwa ba fili ne kawai ba. Akwai kufan tsofaffin garuruwa masu ganuwa a wurin, a kan hanyar da ta haɗa Borno da Kawar da Fezzan tsawon ƙarnuka.

Na'urar ba ta san bambancin ɗanyen zinariya da ɗan kunnen matar da aka binne shekara dubu da suka wuce ba. Abin da ya faru a Jabal Maragha, a hamadar Bayuda ta Sudan, ya isa misali. A 2020 masu binciken kayan tarihi suka isa wurin, wanda ke da shekara kusan dubu biyu tun zamanin daular Meroe, suka tarar da motocin haƙa biyu sun yi rami mai zurfin mita 17. An kai mahaƙan ofishin 'yan sanda, aka sake su bayan 'yan sa'o'i. A Nijar ma an san yadda kasuwa ke cinye wuri: bayan binciken da Boubé Gado ya yi a Bura a 1983 ya sa duniya ta san gumakan yumɓun yankin, 'yan tono suka bi kaburbura ɗaya bayan ɗaya.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan yaron da ya ci bashi ya hau mota zuwa Djado. Mai na'ura a Ingila yana da albashi, ranar hutu yake fita, kuma ya san idan ya faɗa za a biya shi. Na Djado yana da mai na'ura da mai mota da mai ruwa da ke jiran kasonsu da yamma, ga jami'an da ke iya ƙwace na'urar kanta. Idan ya tono wani abu mai rubutun Larabci, mai sikeli ne kawai zai ba shi kuɗi a ranar, kuma mai sikeli giram yake saye.

Kuɗin Asiya da Hausawa suka kashe

Tambayar da ke biyo baya ita ce ko akwai ma abin tsinta. Kuɗin Asiya da ya fi yawo a ƙasar Hausa ba ƙarfe ba ne, wuri ne, kuma daga tsibiran Maldives na tekun Indiya aka fara kawo shi. Ibn Battuta, wanda ya zauna a Maldives kafin ya zo Mali a 1352, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya a can, ya zo ya tarar da 1,150 a kan dinari a Mali da Gao. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa a matsayin kuɗi, kuma da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Har yau mutumin Damagaram da ke cewa jika yana kiran jakar da ake zuba wuri ne, ko bai sani ba. An kuma tono wuri a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, tare da kayan ƙarfe da suka zo daga nesa.

Na'ura ba ta jin wuri. Amma wuri ba ya tafiya shi kaɗai, tare yake da tagulla da jan ƙarfe da zinariya, kuma su ne ke jawo shebur. Ibn Battutan ya ga ana ciniki da sandunan jan ƙarfe a Takedda a 1353, garin da masana da yawa ke ganin shi ne kufan Azelik a jihar Agadas. A Essouk, tsohuwar Tadmakka da ke arewacin Mali, binciken Sam Nixon na 2005 ya fito da kaskon zuba tsabar kuɗi da ɗigon zinariya maƙale a jiki. Wannan ya gaskata al-Bakri, wanda ya rubuta a ƙarni na 11 cewa mutanen Tadmakka na da dinarin zinariya tsantsa marar tambari. Irin wannan dinari, in na'ura ta tono shi gobe a Kidal ko Ayar, ba shi da rubutu ko hoton da zai sa a tsaya a duba. Ƙwayar zinariya ce mai faɗi, kuma wuta za ta shiga.

Akwai wata ƙofa da hukumomin al'adu ba su cika ƙwanƙwasawa ba. Fikihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Agadas da Abeche da zangon Kumasi, ya daɗe da ware babi a kan dukiyar da aka tono. Abin da mutanen jahiliyya suka binne, wato rikazi, ana fitar da humusinsa. Abin da ke ɗauke da alamar Musulunci kuwa hukuncin tsintuwa yake bi, wadda ake cigiyarta shekara guda. Ko ta wace fuska aka duba, mai tsintuwa yana da haƙƙi kuma yana da nauyin bayyanawa, wanda ya fi kusa da tsarin Ingila fiye da na Faransa. Mahaƙin da ba zai taɓa karanta dokar 1997 da Faransanci ba yana sauraron limamin sansani ranar Juma'a.

Ƙasashen yankin ba su da kuɗin sayen taska a farashin Landan, kuma babu amfanin yin kamar suna da shi. Amma rabin tsarin Ingila, wato kundin son rai, ba ya buƙatar sayen komai. Kusan kowane mahaƙi na da wayar da ke ɗaukar hoto ta kuma nuna inda mutum yake tsaye. Abin da babu shi ne lambar da za a aika wa hoton, a gidan tarihin Boubou Hama ko jami'ar Yamai ko ta Njamena, da alkawarin hukuma a rubuce cewa wanda ya aiko ba za a kama shi ba. Idan abin zinariya ne, biyan ɗan abin da ya ɗara farashin giram ya isa ya hana shi shiga wuta. Haɗarin shi ne irin na Bura, cewa sanar da darajar abu na iya ƙara masu tono, kuma shi ya sa a Ingila ma ba a wallafa ainihin wurin da aka yi tsintuwa ga kowa da kowa.

A 1964 masanin hamada Théodore Monod, bisa labarin wasu mafarauta, ya isa wani wuri da ake kira Ma'den Ijafen a gabashin hamadar Muritaniya. Ya tarar da kayan wani ayari da aka binne ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ba a dawo an ɗauka ba: sandunan tagulla sama da 2,000 a ɗaure dami-dami, da tarin wuri irin na tekun Indiya. Ya auna, ya zana, ya ɗebi samfuri ya kai cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, ya bar sauran a inda yake. Daga wannan samfuri ne masana ke ci gaba da nazarin hanyar da wuri ya bi ya ratsa Sahara. Sauran kayan, kusan tan guda na ƙarfe a ƙarƙashin yashi, suna ƙasar da tun 2016 masu na'ura ke ratsa hamadarta.